Waiwaye: Tun yaushe bakteriyar cikin bishiya take cin guba?

Gardamar da ake ta yi kan filayen da mai da sinadarai suka gurɓata, ko a kwashe ƙasar da katafila ko a dasa bishiyoyi a jira, ta girmi yawancin masu yin ta. A 1980 kotun ƙolin Amurka ta amince wa masanin kimiyya Ananda Chakrabarty haƙƙin mallakar wata bakteriya mai cin ɗanyen mai. Bayan malalar man Alaska a 1989 an watsa taki a gaɓar teku don bakteriyar wurin ta ƙara ƙaimi. Daga nan aka koma kan tsirrai.

Sai dai bishiya tana da wani hali. Idan saiwarta ta zuƙo sinadari mai saurin tashi, irin toluwin da ke cikin fetur da fenti, kafin ta narkar da shi ya haura ganye ya fice cikin iska. An raba ƙasa da guba, an ɗora wa huhun maƙwabta.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 2004 a Limburg ta Beljiyam. Masu bincike, cikinsu har da Jaco Vangronsveld da Daniel van der Lelie, suka ɗauki Burkholderia, bakteriyar da gidanta cikin jikin tsiro yake, suka ba ta ƙwayoyin gadon narkar da toluwin, suka shigar da ita cikin lufin, wani dangin wake. Gubar da ganye ke fitarwa ta ragu da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A 2005 suka gwada da bishiyar fofla, sai baƙuwar bakteriyar ta ɓace, amma kafin nan ta riga ta miƙa wa 'yan gida, wato bakteriyar da ta tarar a cikin bishiyar, ƙwayoyin gadon, su kuma suka ci gaba da aikin. A ganina nan ne maganar ta sauya.

To me ya hana abin yaɗuwa? Tsoron sakin halittar da aka taɓa wa gado, da kuma gajen haƙuri, don katafila tana gamawa a watanni, bishiya kuwa sai shekaru. A 2017 tawagar Sharon Doty ta nuna a wani fili a Kalifoniya cewa bakteriyar da ba a taɓa ta ba ma tana iyawa.

Kada mai tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010 ya yi saurin murna. Dalma ƙarfe ce, babu bakteriyar da ke narkar da ita. Iyakar bakteriya ta taimaki tsiro ya zuƙe dalmar, sannan a sare shi a san inda za a kai.