Idan An Kai Ƙarar Likita, Me Ya Kamata Ya Yi?

Sashe na 30 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ya ba kowa damar kai ƙorafi kan yadda aka kula da shi a asibiti, kuma a bincika. Don haka wanda ya tsaya a ƙofar ofis yana tambayar abin da ya sami mahaifiyarsa ba rashin kunya yake yi ba, haƙƙinsa yake nema. A ganina a nan ya fi sauƙi a kashe wutar: likita ya ba dangin majinyaci wurin zama, ya yi musu bayani da harshen da suke ji, ya jajanta. "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare" gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa likita nauyin bayani.

In abin ya wuce nan, sai hukumar MDCN da ke Abuja, mai ba likitoci lasisi. Mai ƙara zai shigar da kokensa a takardar rantsuwa, Kwamitin Bincike ya aika wa likita, shi ma ya amsa bisa rantsuwa. Kada a yi kunnen uwar shegu da wannan takarda. A nemi lauya, a bi zargi ɗaya bayan ɗaya, da rana da lokaci, ba zafin rai. In kwamitin ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa Kotun Ladabtarwa, wadda ke iya jan kunne, ko dakatarwa har wata 6, ko soke suna daga rajista. Likitan da bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 28 ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Babban mai shaidar likita ita ce foldar majinyaci: ƙarfe nawa aka duba shi, nawa awon jini ya nuna, wa ya sa hannu kafin tiyata. Nan ne kuma wasu ke yanka wa kansu tikitin wahala. Hankali ya tashi, sai mutum ya ɗauko folda da dare ya ƙara layi biyu da biro, ko ya zare shafi. Sashe na 29 na Dokar Lafiyar ya mai da wannan laifi mai zaman kansa: ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. In akwai abin da aka manta, a rubuta shi a ƙasa da kwanan watan ranar da aka tuna, a sa hannu.

Sirrin majinyaci kuwa yana nan ko da ya yi ta zagi a Facebook. Sashe na 26 bai yarda likita ya baje cutarsa a fili don ya wanke kansa ba.