Ra'ayoyin masu karatu kan littattafan Balaraba Ramat Yakubu

Balaraba Ramat Yakubu marubuciya ce 'yar Kano, an haife ta a 1959, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. Tana cikin matan farko da suka yi fice a rubutun ƙagaggun labaran Hausa da ya bunƙasa a Kano daga shekarun 1980. Ko da yake ana jera littattafanta cikin littattafan soyayya, abin da ya fi yawa a cikinsu zaman gidan aure ne: kishi, saki, kuɗin cefane, auren dole, da halin da 'ya'ya ke shiga idan uba ya juya wa uwarsu baya. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, auren kuma bai daɗe ba.

Littattafanta da aka fi tattaunawa a kansu uku ne: Budurwar Zuciya na 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, dukansu na 1990. A lokacin, littafi ɗaya yakan zaga gidaje da dama ta hanyar aro da shagunan haya, saboda haka masu karatu sun fi adadin kwafin da aka sayar nesa ba kusa ba. Mafi yawansu mata ne, matan aure da 'yan makaranta.

Alhaki Kuykuyo Ne ya fi raba kan masu karatu. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. Ya auro Delu, macen bariki, ya kori Rabi, ita kuwa ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Da gobara ta cinye shagon Alhaji, Delu ta guje shi, sai dangi suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. A kan wannan komawar ake jayayya. Wasu na ganin haƙuri ne ya yi riba, tunda miji ya dawo a ƙasƙance, ragamar gida kuma ta koma hannunta. Wasu kuwa na cewa an zalunci Rabi sau biyu, domin sai da ta tsaya da ƙafarta sannan aka ɗora mata nauyin mutumin da ya wulaƙanta ta. Wanda ya karanta shafukan ƙarshe a tsanake zai lura cewa marubuciyar ba ta nuna komawar a matsayin abin murna ba. Ta dai nuna yadda ake yi ne a gidaje.

Wa Zai Auri Jahila? bai jawo irin wannan saɓani tsakanin mata ba. Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ga tsoho, ta gudu birni ta nemi ilimi. Masu suka sun ce littafin na koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Masu kare shi sun amsa da cewa da hujjar addini ya yaƙi auren dole, ba da wata aƙida ta waje ba, kuma a kan wannan ne nazarin Novian Whitsitt, wani ɗan Amurka, ya fi mayar da hankali.

Ra'ayin malaman jami'a ya bi wata hanyar daban. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, musamman New Nigerian, kan darajar waɗannan littattafai baki ɗaya. Ibrahim Malumfashi ya yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, yana ganin ba su kai rubutun magabata ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su da cewa su ne suka sa matasa da mata karatun Hausa. Balaraba, wadda ke cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, ta kasance misalin da masu karewa ke yawan kawowa.

A 1998 Abdulkareem Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim. A 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Wannan ya kai labarin Rabi ga masu karatu na ƙasashen waje, waɗanda da yawansu suka kwatanta shi da fina-finan Indiya saboda rikicin dangi da sakayyar da ke cikinsa, suka kuma tsaya a kan tambayar da matan Kano suka riga su yi: ko ya dace Rabi ta koma.