Ɓacewar Karnukan Gida

Ɓacewar karen gida ita ce kare mai ubangida ya bar inda ake kula da shi, ya kasa komawa, ko a hana shi komawa. Irin wannan kare daban yake da wanda aka haifa a titi bai taɓa sanin gida ba, daban kuma da wanda mai shi ya yasar da gangan. Abin yana faruwa fiye da yadda masu karnuka suke zato. A wani bincike da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta fitar a 2012 bayan ta tambayi gidaje sama da 1,000, an gano cewa kashi 14 cikin 100 na karnuka sun taɓa ɓacewa aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar. An samu kashi 93 daga cikinsu. Kusan rabi an gan su ne ta hanyar zagaya unguwa ana nema, kashi 15 kuma ta dalilin shaidar da ke jikinsu.

Da wuya kare ya yi ɓatan dabo haka kawai. Yawanci abu biyu ne suke haɗuwa: wani abu da ya ja shi ko ya kore shi, da kuma kafar da ya samu ya fita. Mai kare ba shi da iko a kan tsawa ko ƙanshin da iska ta kwaso, amma kafar tana hannunsa.

Abin da ke fitar da kare

Dalili mafi daɗewa shi ne neman barbara. Karya takan shiga lokacinta kamar sau biyu a shekara, kowane zuwa ya ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma a kwanakin nan jikinta yana fitar da wari wanda namiji ke shinshinowa daga nesa. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari da kan kai miliyan 300 a wasu nau'o'in, alhali na mutum bai wuce kimanin miliyan 6 ba. Namijin da ba a yi wa fiɗiya ba, da zarar ya ji wannan wari, yakan daina cin abinci, ya yi ta kai-komo yana kuka, ya tona ƙarƙashin katanga ko ya haura ta. Karyar ma takan nemi hanyar fita da kanta.

Akwai kuma jinin farauta. An yi ƙarnoni ana kiwon wasu karnuka domin su bi sawu, wasu domin su bi duk abin da ya gilma da gudu, kuma zaman gida bai goge wannan hali ba. Karen Bigul idan ya sa hanci a ƙasa ya kama wari sai ya zama kamar kurma, kiran ubangidansa ba ya shiga kunnensa. Karen tsere na Girehawun yana gudun da ya kusa kilomita 70 a awa, cikin daƙiƙoƙi ya ɓace wa ido. Haski na Saiberiya, wanda aka rene shi domin jan kaya a tafiya mai nisa, ya yi suna wajen haƙa da tsallake shinge.

Tsoro ne dalilin da ya fi hatsari, shi ne kuma wanda masu karnuka suka fi rainawa. Kunnen kare ya fi na mutum kaifi nesa ba kusa ba: a ma'aunin siririntar sauti, mutum yana ji har zuwa kusan hartiz 20,000, kare kuwa yana wuce 45,000. Tsawa, harbin bindiga, wasan wuta, jiniya, karon mota, duk suna iya firgita shi har ya fita hayyacinsa. A Amurka, gidajen ajiye dabbobin da aka tsinta sun daɗe suna shirya wa kwanakin da ke biyo bayan 4 ga Yuli, ranar samun 'yancin ƙasar, saboda wasan wutar daren yana cika su da karnuka. A Birtaniya irin haka kan faru a daren 5 ga Nuwamba, a wurare da dama kuma a daren shiga sabuwar shekara. Karen da ya firgita yakan yi abin da bai taɓa yi ba: ya fasa tagar gilashi, ya tsinka igiya, ya zare kansa daga abin wuya, ya haura katangar da shekara da shekaru bai ko kalle ta ba. Bambancinsa da karen da ya fita yawo shi ne shi ba wani wuri ya nufa ba. Gudu kawai yake yi, ba ya lura da hanyar da ya bi, ba ya tsayawa ya bar alamar fitsari, ba ya duban mota. Shi ya sa kalmar da masu karnuka suka fi faɗa bayan abin ya faru, wato "ai bai taɓa yin haka ba", gaskiya ce, sai dai ba ta tsare kowa.

Kaɗaici da rashin abin yi su ma suna korar kare. Dabba ce da ke son zama da 'yan'uwa da motsa jiki. Idan aka bar shi a tsakar gida shi kaɗai tun safe har dare, zai nemi abin da zai ɗauke masa hankali, kuma in ya fita sau ɗaya ya ji daɗi, ya koyi hanya ke nan. Akwai wanda matsalarsa ta wuce gundura, tana kaiwa ga ciwon damuwa na rabuwa da ubangida. Irin wannan yakan fara gurzar ƙofa da cizon ƙarfe mintuna kaɗan bayan an fita, domin so yake ya bi mutumin.

Sabon wuri ma tarko ne. Kwanakin farko bayan ƙaura, ko bayan an karɓo kare daga wani hannu, ko lokacin da aka ba wani ajiyarsa aka yi tafiya, suna daga cikin lokutan da aka fi rasa karnuka, saboda bai riga ya ɗauki wurin a matsayin gida ba. Tsohon kare kuma yana iya kamuwa da ruɗewar ƙwaƙwalwa irin ta tsufa, ga gani da ji sun ragu, sai ya fita ƙofar da ya sani tun yana ɗan kwikwiyo ya rasa hanyar dawowa.

Sata ba ta kai sauran dalilai yawa ba, amma tana nan. An fi sace 'yan kwikwiyo da nau'o'i masu tsada da karyar da za a iya sa ta haihuwa a sayar da 'ya'yan, sau da yawa daga tsakar gida, ko cikin mota, ko inda aka ɗaure kare aka shiga wani wuri. Koke-koke a kan haka sun ƙaru a Birtaniya a lokacin annobar korona, sa'ad da neman karnuka ya hauhawa, har a 2024 aka yi doka a Ingila da Ireland ta Arewa wadda ta mai da satar kare ko kyanwa laifi mai zaman kansa, mai hukuncin ɗaurin da ka iya kai shekara biyar. Bala'o'i kamar ambaliya da gobara su ma kan raba dubban dabbobi da masu su a lokaci guda. Bayan guguwar Katrina ta 2005, Amurka ta yi doka a 2006 da ta wajabta wa hukumomi su sa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a.

Inda ɓataccen kare yake zuwa

Mutane kan ɗauka cewa kare ya yi nisa, amma galibi yana kusa. Wani nazari da aka wallafa a 2021 a kan karnukan da aka tsinta a birnin Dalas na jihar Tekzas ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka mayar wa masu su an same su ne ƙasa da mil ɗaya daga gida, wato kimanin kilomita 1.6, kashi 42 kuwa ba su wuce mita 120 ba.

Kare yana da baiwar gane hanya. A wani nazari da aka wallafa a 2020, masu bincike a Jamhuriyar Cek sun sa wa karnukan farauta 27 na'urar bin diddigi suka sake su a daji sau ɗaruruwa. Mafi yawa sun dawo ta bin warin sawunsu. Kusan kashi ɗaya bisa uku kuwa sun yanko sabuwar hanya, kuma kafin su kamo ta sai su yi ɗan gajeren gudu a kan layin arewa da kudu, abin da ya sa masanan suka ce mai yiwuwa suna amfani da maganaɗisun ƙasa. To amma waɗannan karnukan a daji suke, kuma cikin natsuwarsu. A gari, ruwan sama yana wanke wari, manyan tituna suna yanke hanya, kuma kare mai sakin jiki da mutane sau da yawa wani ne yake ɗauke shi da kyakkyawar niyya ya kai shi wata unguwa. Mai tsoro kuma ɓuya yake yi, ya fito da dare ko da asuba, kuma bayan 'yan kwanaki yana iya gudun ubangidansa ma idan ya hango shi daga nesa.

Hanyoyin rigakafi

Aikin farko shi ne toshe kafa. Ana son mai kare ya riƙa zagaya katanga ko shingensa lokaci-lokaci yana duban ramin da aka fara tonawa, da katakon da ya saki, da tarin kaya a jikin bango wanda kare zai taka ya haura. Ga babban kare mai tsalle, ana ba da shawarar katanga mai tsawon kusan mita 1.8, ga mai haƙa, a binne waya ko a zuba siminti a gindinta. Amma yawancin karnuka ta ƙofa suke fita, a lokacin da baƙo ya shigo, ko ma'aikaci ya bar ta a buɗe, ko yaro ya manta sakata. Ƙofa mai rufe kanta da ƙaramin shinge na biyu a ciki suna maganin wannan. Shingen lantarki na ƙarƙashin ƙasa, wanda ke jan kare ta abin wuya idan ya kusanci iyaka, ba abin dogaro ba ne: karen da ya firgita yana ratsa shi, sannan ya ji tsoron sake ratsawa ya dawo.

A waje, igiya ce ke tsakanin kare da titi. Ga mai siririn kai ko mai yawan firgita, ɗamarar ƙirji ta fi abin wuya aminci domin ba ya iya zarewa. Horon amsa kira yana da muhimmanci ƙwarai, kuma akwai kuskure ɗaya da ke rusa shi: a kira kare, ya zo a makare, a doke shi. Abin da ya koya shi ne zuwa wurin ubangida yana jawo duka, gobe sai ya ƙi zuwa. Duk lokacin da ya amsa kira a yaba masa, komai daɗewar da ya yi.

Fiɗiya tana rage yawon neman barbara sosai. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a 1976 ya ga raguwar yawo a wajen kashi 90 cikin 100 na mazan karnukan da aka yi wa. Ba ta maganin tsoro ko jinin farauta, kuma lokacin yin ta shawara ce da likitan dabbobi, musamman ga manyan nau'o'i waɗanda ƙasusuwansu ke jinkirin ƙosawa. A daren da ake sa ran tsawa ko wasan wuta, a fita da kare tun da rana, a shigar da shi ɗaki kafin duhu, a rufe tagogi, a kunna rediyo. Wanda tsoronsa ya yi tsanani akwai magani da horo na musamman da likita zai iya tsarawa.

Shaida a jikin kare

Duk tsaron da aka yi, wata rana ƙofa za ta iya zama a buɗe, kuma daga nan abin da ya rage shi ne ko wanda ya tsinci karen zai san na waye. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan ƙarfe a abin wuya mai ɗauke da lambar waya, domin kowa yana iya karantawa nan take. A Birtaniya wata doka ta 1992 ta ce kare a bainar jama'a ya sa abin wuya mai sunan ubangidansa da adireshinsa.

Abin wuya yana faɗuwa, ɓarawo kuma yana cire shi, saboda haka ake haɗawa da maikurocif, wata 'yar na'ura mai tsawon kusan milimita 12 da ake sa wa a ƙarƙashin fata da allura, galibi tsakanin kafaɗu. Ba ta da batir. Idan aka kara mata na'urar karantawa sai ta nuna lamba mai alƙaluma 15, a duba lambar a rumbun bayanai a ga sunan mai kare. Mutane da yawa suna zaton tana nuna inda kare yake. Ba ta yi. Wannan aikin na'urar bin diddigi ce mai aiki da tauraron ɗan'adam, wadda ake rataya wa a wuya kuma sai ana yi mata caji. Tun 6 ga Afrilu 2016 wajibi ne a Ingila da Sikotland da Wels a sa wa kowane kare maikurocif kafin ya wuce mako takwas, kuma wanda ya ƙi yana iya biyan tarar da ta kai fam 500.

Binciken da Linda Lord ta Jami'ar Jihar Ohayo ta jagoranta a 2009 a gidajen ajiye dabbobi 53 ya nuna amfaninta: kashi 52 cikin 100 na karnuka masu maikurocif sun koma gida, a jimillar karnukan da aka tsinta kuwa kashi 22 kacal. Abin takaici a binciken shi ne dalilin da ya fi hana a samu masu sauran: lambar wayar da aka yi rajista da ita ba daidai ba ce ko ta daina aiki. An sa wa kare na'ura, an karanta ta, an kira, ba kowa. Duk wanda ya sauya waya ko gida, ko ya karɓi kare daga wani, sai ya gyara bayanan a ranar.

Idan kare ya riga ya fita

Awannin farko sun fi kowane lokaci daraja. A fara da lungunan gida da na maƙwabta, a sanar da mutanen unguwa da asibitocin dabbobi da kamfanin da ke riƙe da rajistar maikurocif, a yaɗa hoto na kwanan nan mai nuna dukan jikinsa. A bar mayafinsa ko rigar da ubangidansa ya sa ba a wanke ba a wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, tare da ruwa. Idan an hango shi, kada a bi shi da gudu, kada a taru a kansa ana ihu. Bi yana ƙara tura shi nesa, wani lokaci cikin titi. Masu aikin nemo karnuka suna ba da shawarar mutum ya zauna ko ya durƙusa, ya kau da ido, ya yi magana a hankali, ya jira har iska ta kai wa karen warinsa ya matso da kansa.