Fadar Kremlin: wa ya gina ta, kuma me ke cikin ganuwarta?

Kullum ana jin "Fadar Kremlin ta ce" a labarai. Gida ɗaya ne?

A'a. Ƙaramin birni ne mai ganuwa a tsakiyar Mosko, bisa wani tudu a bakin kogin Moskva. Ganuwar mai kusurwa uku ce, tsawonta ya haura kilomita 2, da hasumiyoyi 20. A ciki akwai fadoji da manyan coci-coci da gidan tarihi da ofishin shugaban ƙasa. Garuruwa irin su Kazan da Novgorod ma suna da nasu kremlin ɗin, na Mosko ne dai ya yi fice.

Tun asali jan bulo ne?

Da katako aka fara, wajen 1156, zamanin yarima Yuri Dolgoruky. Gobara da mahara suka yi ta cinye shi, har sarkin Mosko Dmitry Donskoy ya kewaye wurin da farin dutse a shekarun 1360. Ganuwar da ake gani yau ta sarki Ivan na Uku ce, an gina ta tsakanin 1485 da 1495.

Da gaske ba Rashawa ne suka tsara ta ba?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Ivan na Uku ya sa magina 'yan gida su gina babban cocin Uspensky, aiki ya yi nisa sai ginin ya rufta a 1474. Matarsa Sophia, jinin sarakunan Rumawan Gabas, a birnin Rum ta tashi, don haka hanyar Italiya a buɗe take. Aka ɗauko Aristotele Fioravanti daga Bologna. Mutumin bai yarda da bulon da ya tarar ba, ya kafa wurin gasa nasa, ya gama cocin a 1479. Daga baya wasu magina 'yan Italiya, Pietro Antonio Solari da Marco Ruffo, suka zo. Duk wanda ya lura da kan ganuwar zai ga haƙoranta a tsage biyu kamar jelar tsattsewa, irin na tsofaffin ganuwoyin Verona sak. Hasumiyar Spasskaya mai agogo, wadda Rashawa ke jiran bugunta daren sabuwar shekara, Solari ne ya gina ta a 1491. Dogon rufinta mai tsini ne Rasha ta ƙara a ƙarni na 17.

Wace fada ce ta fi tsufa?

Granovitaya, wadda aka gama a 1491. An sassaƙe duwatsun fuskarta da tsini-tsini. Zaure ne mai faɗin kusan murabba'in mita 500, ginshiƙi ɗaya tal a tsakiya ke riƙe da rufin. A nan Ivan na Huɗu ya yi walimar cin Kazan da yaƙi a 1552. Sai fadar Terem ta 1635 zuwa 1636, gidan kwanan sarakunan Romanov na farko: ɗakuna ƙanana, rufi ƙasa-ƙasa, tagogi masu launi, murhu lulluɓe da tayil. A ganina ita ce ta fi ƙanshin Rasha, sai dai ba kowa ake bari ya shiga ba.

Babbar fadar da ake rantsar da shugaba fa?

Yarinya ce a kan waɗancan. Konstantin Thon ya tsara wa sarki Nicholas na Ɗaya ita, aka gama a 1849. Daga waje za ka rantse hawa uku ce, alhali biyu ce, manyan zaurukan sama ne ke da jeren tagogi biyu. Zamanin Stalin an haɗe zaure biyu aka mai da su majalisa, sai a shekarun 1990 aka dawo da su yadda suke. Ofishin shugaban ƙasa kuwa yana ginin Senate da Matvey Kazakov ya gina zamanin sarauniya Catherine ta Biyu.

Ai an taɓa ɗauke babban birni daga Mosko?

Sarki Peter na Ɗaya ya mai da shi St. Petersburg a farkon ƙarni na 18, amma naɗin sarauta bai bar cocin Uspensky ba har na ƙarshe a 1896. Lenin ya dawo da gwamnati Kremlin a 1918.

Wa ya fi yi mata ɓarna?

Napoleon ya sa a tarwatsa ta da albarushi da zai fice a 1812. Wasu hasumiyoyi sun faɗi, ruwan sama ya kashe lagwanin sauran. Amma in don ɓarnar da ba ta gyaru ba ce, ta 'yan gida ta fi: gwamnatin Sobiyet ta rushe gidajen ibada na Chudov da Voznesensky wajen 1929, ta sauke siffofin gaggafa, tambarin sarauta, daga kan hasumiyoyi a 1935 ta kafa taurari. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya zo ya dasa zauren taro na gilashi da kankare mai kujeru kusan 6,000 a 1961, wanda har yau bai saje da maƙwabtansa ba.

Wannan ƙatuwar ƙararrawa da ake ɗaukar hoto a gabanta?

Nauyinta kusan tan 200 ne, an ƙera ta a 1735. Tana cikin ramin da aka ƙera ta gobara ta tashi a 1737, ta tsage, ɓangare mai nauyin sama da tan 11 ya ɓalle. Ba a taɓa kaɗa ta ba ko sau ɗaya.