DMA a Linux: me ya sa direba ke aiki a x86 amma ya rikice a ARM?

Mene ne DMA?

DMA (Direct Memory Access) hanya ce da na'ura irin katin intanet ko faifan ajiya ke zuba bayanai cikin RAM, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, kai tsaye, ko ta ɗebo su, ba sai furosesa ta yi dakonsu ba. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, x86 da ARM kuma nau'o'inta ne.

To ina wahalar, ai RAM ɗin ɗaya ce?

RAM ɗaya ce, adireshi ne uku: wanda kanel, wato zuciyar Linux, ke amfani da shi, na ainihi a jikin RAM, da wanda na'urar ta sani. A wasu injina biyun ƙarshe daidai suke. A wasu kuwa wani sashe na injin mai suna IOMMU ne ke tsakani yana fassarawa, sunansa VT-d a Intel, SMMU a ARM. Shi ya sa direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ba ya ƙago adireshi da ka. Sai ya kira umarnin kanel mai suna dma_map_single, kanel ta ba shi wanda ya dace da injin.

Idan hannun na'urar bai kai wurin ba fa?

Tsofaffin katunan da ake kira ISA masu adireshin bit 24 iyakarsu megabait 16 na farko na RAM, na'urori masu bit 32 kuma gigabait 4. Ko ƙaramin injin nan Raspberry Pi 4 na 2019 yana da sassan da ba sa wuce gigabait 1 na farko. Direba kan faɗi iyakarsa ta dma_set_mask. In babu IOMMU, sai wata dabarar kanel mai suna swiotlb ta kwafe bayanan zuwa inda na'urar ke iya kaiwa. Aiki yana tafiya, amma kwafin na cin lokaci.

Me ke rikicewa a ARM?

Kash ne, wato 'yar ma'ajiyar da ke cikin furosesa, inda take ajiye kwafin wasu bayanan RAM. A x86 injin da kansa ke daidaita kash da RAM, saboda haka direba mai ganganci sai ya daɗe asirinsa a rufe. A yawancin ƙananan furosesa na ARM da MIPS babu wannan gata. Kati ya rubuta sabon saƙo a RAM, furosesa ta leƙa kash ta karanto tsohon, kuma ba wani gargaɗi, sai dai a ga bayanai sun gurɓace jefi-jefi. Irin wannan kuskure ya fi kowane wuyar kamawa a ganina.

Ƙa'idar ita ce, da zarar an miƙa wa na'ura wuri a RAM, furosesa ta janye hannu har sai an kira dma_sync_single_for_cpu ko dma_unmap_single.

Ba za a huta da dma_alloc_coherent ba, wato umarnin da ke ba da wurin da ba ya buƙatar wannan daidaitawa?

Ga ƙananan jadawalin da ɓangarorin biyu ke leƙawa kullum, ƙwarai. Ga manyan bayanai kuwa a'a, domin a irin waɗancan injina akan kashe kash a wurin ne, furosesa ta riƙa jan ƙafa.