Shin yabo yana ɓata yaro?

An daɗe ana cewa kada a yabi yaro a gabansa, wai kansa zai kumbura. Masu faɗar haka tarbiyya suke nufi. Sai dai masana halayyar yara sun gano cewa irin yabon ne abin dubawa. "Kai haziƙi ne" kan sa yaro gudun aiki mai wuya don kada ya ji kunya. "Na ga ka sake lissafin nan har ka gano kuskurenka" kuwa ƙwarin gwiwa yake ƙara masa.

Ku gwada a gida: ku buɗe littafinsa, ku yabi ƙoƙarin da kuka gani, sannan ku lura ko zai koma kan abin da ya gagare shi. Don Allah ku tura wa sauran iyaye da malamai.