Waiwaye: yadda naira da sefa suka yi musayar matsayi a kasuwannin arewacin Kamaru

A 1980, a farashin hukuma, naira ɗaya ta fi sefa 300. A 2024 kuwa jaka guda ta sefa, wato 1,000, sai da ta haura naira 2,000 a hannun 'yan canji. Babu wani banki a Yawunde ko Abuja da ke yanka wannan farashi kowace safiya. Ana yanka shi ne a Garwa da Marwa da Kusiri da Mubi, a kan tabarma ko benci, gaban mutum mai damin kuɗi ɗaure da roba da waya biyu a hannu, wanda ba ya buɗe baki sai ya ji yadda dalar Amurka ta kwana a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano.

Tushen abin shi ne kuɗin biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Faransa ce ta ƙirƙiro sefa a Disamba 1945, ta ɗaure ta da kuɗinta, ta kuma lamunce cewa za a iya canza ta. Bankin BEAC da aka kafa a 1972 shi ke buga ta wa Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen yankin tsakiyar Afirka. Naira kuma ta fito a Janairu 1973, lokacin da kuɗin mai ke kwarara, amma hukuma ta yi mata shinge: ba kowa ke samun kuɗin waje a banki ba. Ɗan kasuwar Kano ko Aba da ke son yin odar kaya daga Turai sai ya gano ƙofar baya. Ya turo atamfa da robobi da sabulu da fetur zuwa Kamaru, ya sayar ko da riba kaɗan ce, ya karɓi sefa, ya fitar da takardun sefar zuwa waje a mayar masa da su kuɗin Faransa. Ba kayan ne cinikinsa ba, sefar yake farauta. Wannan ne ya sa kayan Najeriya ke araha a Marwa har abin ya riƙa ba mutane mamaki.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin toshe ƙofar. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira ta rufe iyaka, waɗanda suka tara naira a ɓangaren Kamaru suka wayi gari da abin da ba ya sayen ko goro. A 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, daga nan ta fara gangara. A Agusta 1993 aka daina fansar takardun sefa da aka fitar wajen yankin. Sai babbar girgiza: a Janairu 1994, a taron Dakar, aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Manomin auduga ya ɗan ga haske domin kuɗin da ake samu a waje ya ninka idan aka juya shi gida, amma ma'aikaci da mai sayen magani sun ji jiki. Tun 1999 kuma sefa na ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsa ba.

A nan ne nake ganin mutane ke yin kuskure idan suka ce sefa ta yi ƙarfi. Ba wani abin kirki ta yi ba, tana laɓe ne bayan yuro. A 2022 da yuro ya faɗi ƙasa da dala, dala ɗaya ta wuce sefa 650, kuma mai zuwa Dubai ko Sin sarin kaya ya ɗanɗana. Da farashin ɗanyen mai ya rushe a 2014, asusun ajiyar waje na yankin ya zube har aka fara raɗe-raɗin sake karya ta, sai da shugabanni suka taru a Yawunde a Disamba 2016 suka ce ba za a yi ba, suka rungumi shirin Asusun Lamuni na Duniya. Dokar canji mai tsauri da ta fara aiki a 2019 daga wannan tsoro ta fito, ita ce kuma ta ƙara tura ƙananan 'yan kasuwa wurin 'yan canjin bakin titi.

Halin 'yan kasuwa kansa yana juya farashi fiye da yadda ake zato. Dillalin shanu da ya koro garke daga Chadi ya sayar a Najeriya yana dawowa da naira buhu guda. In ya ga tana zamewa, ba zai bari ta kwana a hannunsa ba: ko ya saye kaya da ita nan take, ko ya zube ta gaban ɗan canji ya ce "Alhaji, ba ni ko nawa ne." Idan goma suka yi haka a rana ɗaya, kafin la'asar farashi ya sauya. Ɗan canjin ma da ya ji ƙishin-ƙishin sai ya ɓoye sefarsa ya ce ta ƙare. Lokacin aikin hajji da gabanin babbar salla kowa ya san buƙata na tashi. Rikicin Boko Haram da ya kashe kasuwar Banki da Amcide da hanyar Gamboru zuwa Fotokol daga 2014 ya karkatar da cinikin kudu, wajen Mubi da Garwa.

Shekarar 2023 ta tara abubuwa. A farkonta, sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har aka samu farashi biyu, na tsaba da na tiransifa. A Mayu Shugaba Tinubu ya cire tallafin fetur, kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, da ke jere a kan teburan bakin titi suka yi tsada cikin 'yan kwanaki, 'yan acaɓa suka ƙara kuɗin ɗauka. A Yuni aka haɗe farashin canji iri-iri na hukumar Najeriya ya zama ɗaya, dala da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai sefa ya tsallaka Najeriya ya sayi masara da siminti kamar kyauta, amma mai kai shanu da albasa can ya dawo yana lissafin asara, wasu ma suka juya akalar kayansu zuwa kasuwannin Yawunde da Duwala inda ake biya da sefa.